Abin bin sawu a ƙarƙashin kujerar mashin ɗina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana, wani ne ke taya ni rubuta wannan. Don Allah ku ba ni shawara, raina a ɓace yake.

Ni manomin albasa ne a Bakolori, gidana yana Mafara, na manyanta ban taɓa zaman aji ba. Bana na shiga yaƙi da jahilci, amma kunyar surukaina ta sa na zaɓi ajin Bakura inda ba a san ni ba. Bayan La'asar nake hawa mashin in tafi, in an tambaya in ce gona zan leƙa.

Ina da abin kunne na bulutu da nake sauraren karatun da malaminmu ke turowa, sai ya fara yankewa. Na kai wa mai gyaran waya, ya buɗe wata manhaja mai nuna duk na'urar bulutu da ke kusa, da ƙarfin siginar kowace. Ya gyara nawa, sannan ya ce Baba, akwai wani abu marar suna da ya bayyana tun da ka faka mashin. Ya riƙa matsawa da wayar, sigina na ƙaruwa, har ƙarƙashin kujera. Wani ɗan abu ne kamar murfin kwalba, an naɗe da salatif. Ya ce na bin sawu ne.

Na nuna wa wana, uwa ɗaya uba ɗaya, don ya taya ni mamaki. Ko a jikinsa, ya ce shi ya sa aka manna, wai ana ƙus-ƙus a majalisa ƙila ni infoman mutanen daji ne, mai kai wa 'yan bindiga rahoto, tunda ba a san inda nake zuwa ba. Na ce Yaya, kwano ɗaya muke ci kullum, ka kasa tambayata? Ya ce ai ko ya tambaya gona zan ce masa. Nan kam ya yi gaskiya, amma wallahi ƙyamar abin ta hana ni sake sa hannu a kwanon nan.

Kun san nauyin kalmar infoma a yankinmu, ba a jiran shaida, ga ni da iyali. Har yanzu ban gaya masa zancen makaranta ba, ya dai san mashin na tsayawa Bakura.

In ja shi ajin ya gan ni bisa benci ina haɗa baƙi, in dogara da shi ya wanke ni? Ko in ɗauko malaminmu mu je gaban liman, kowa ya ji, har surukaina? Wanda ya zaci zan iya sayar da mutanen garinmu, anya bakinsa zan ba amanar sunana?