Ki Ja Igiya Sau Ɗaya, Ramatu

Zuwa ga 'yata Ramatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da abokan aikinki a can dajin bayan Yendi. Ni ce mahaifiyarki Adiza, daga Salaga. Da hannuna nake rubuta wannan, ba wanda ya riƙe mini alƙalami. In kin ga kuskure ki yi haƙuri, kin san da furfura na shiga makarantar manya.

Yau kwana ashirin da uku ban ji muryarki ba. Na kira, wayar ba ta shiga. An ce can babu sabis. Wataƙila haka ne. Wataƙila kuma fushi kike yi, kuma kina da gaskiya. Na sa wasiƙar nan a jarida, inda kowa zai karanta, domin a gaban mutane na yi miki abin da na yi, a tashar mota, direba yana ji, masu sayar da doya suna ji.

Kina da shekara huɗu babanki ya rasu, aikinsa a bakin mutane kika ji shi. Ni na gani. In zai sauka rijiya sai ya ɗaura igiya a ƙugu, ya ba ƙaninsa Salisu ɗaya bakin. Yakan ce, in na ja sau ɗaya lafiya nake, in na ja sau biyu ku fito da ni. Ranar nan na kai masa tuwo da azahar, wajen wata tsohuwar rijiya da aka kira shi ya yashe. Na tsaya da kwano a hannu ina kallon igiyar. Bai ja sau ɗaya ba, bai ja sau biyu ba. Daga baya aka ce iskar can ƙasa ce ta ɓaci.

Shi ya sa da kika gama karatu kika ce aikinki duwatsun ƙarƙashin ƙasa ne, tsoro ya kama ni.

Kin tuna dutsen da kika kawo mini daga aikinku na wajen Bawku? Baƙi, a mulmule kamar an yanko guntun taɓarya, da 'yan ramuka a jikinsa. Kika ce a da can narkakke ne, yana malala da zafin wuta, ya huce ya daskare, ƙasa ta rufe shi. Kika ce kuma irin dutsen da na tashi ina gani a fili a garinmu Bawku, wanda muke shanya gero a kansa, yana kwance a ƙarƙashin Salaga da Yendi, can nesa, shi za ku bi ku tarar. Kina ta murna kina bayani. Ni kuwa wuta kawai na ji, da zurfi.

A jikin dutsen kin rubuta lamba da jan alƙalami. Da kika fita na zauna na haɗa ta da kaina, mita ɗari huɗu da wani abu. Na yi alfahari da na iya karantawa, sai kuma na tuna da zurfin da lambar ke nufi. Na ɗauka nan kika sauka da ƙafarki kika ɗauko shi. Rijiyar da ta ci babanki ba ta kai gaba goma ba. Ban tambaye ki ba, ina jin kunya ki ga uwarki ba ta fahimta.

Da kika ce za ki Yendi, inda ramin zai fi wancan zurfi, na hana, kika ce aiki ne. Na bi ki har tasha. Kin san abin da na ce, amma zan rubuta shi don in san abin da nake gogewa. Na ce je ki, tunda ƙasa ba ta ƙoshi da ubanki ba, ki kai mata kanki. Kika gyara mayafi kika shiga mota.

Bayan mako guda na kai dutsen wurin Malama Fati, wadda ta koya mana karatu. Ta juya shi, ta ce ai faɗin ramin bai wuce faɗin dutsen nan da yawa ba, ko hannu da ƙyar zai shiga. Inji ne ke huda ƙasa ya fito da shi, ke naki ki jera a akwati, ki duba, ki rubuta. Na koma gida ban ga hanya ba.

Da na ce hankalina zai kwanta, sai ya ƙi. Yanzu ba ramin nake tsoro ba, bakina nake tsoro. Kin san yadda bakin uwa yake. Akwai inji, akwai ƙarafa masu nauyi, akwai hanyar daji, ga maganata tana biye da ke. Liman ya ce Allah ya san abin da ke zuciya. Na yarda. Amma duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in ce mugun saƙon ne ya iso.

To ga shi a rubuce, kowa ya shaida. Ni Adiza da na haife ki, na janye maganar nan. Ban yi miki baki ba. Na yafe miki duniya da lahira, ke ma ki yafe mini. Ki yi aikinki, na sa miki albarka. In kun tarar da dutsen garinmu a can ƙasa, ki kawo mini guntu in taɓa.

Ramatu na, 'yar Baba, ban ce sai kin yi magana da ni ba. Duk inda kika sami sabis, ki buga wayata ta yi ƙara sau ɗaya, ki kashe. Zan gane.

Allah ya tsare ki sama da ƙasa, ya kare ki daga sharrin ƙarfe da na hanya da na harshen uwarki. Allah ya jiƙan babanki. Amin.

Ina nan riƙe da bakin igiya.

Taki,
Mma Adiza