Ni Kaɗai Ke Jin Hausa a Ƙungiyar Cocinmu, Kuma Na Gaji

Anti Kubura, don Allah ki taimake ni da shawara, na rasa wanda zan gaya wa maganar nan.

Ni 'yar Katolika ce daga Kaduna, shekarata shida a Greensboro ta Amurka, ina aiki a gidan kula da tsofaffi. A cocinmu akwai wata ƙaramar ƙungiya, ba ta firistoci ba, tamu ce 'yan coci kawai. Duk Laraba mukan taru mu yi addu'a, a kira sunayen ƙasashen da ake yaƙi, a kunna kyandir. Sauran kwanaki mu kai wa marasa hali abinci, mu duba marasa lafiya, in an samu saɓani mu shiga tsakani. Na shige ta ne a 2000, bayan an kashe ƙanena Eli a rikicin Kaduna. Ko gawarsa ban gani ba. Mutanen nan su suka riƙe ni a lokacin, ba zan manta ba.

To, mu goma sha huɗu ne, ni kaɗai ke jin Hausa, ga mutanen Nijar sun yi yawa a gidajen hayar High Point Road. Tafinta a asibiti, ni. Takardun makarantar yara, ni. Miji da mata sun yi faɗa, ni. Daga shif nake wucewa, ko takalmi ban cire ba. Shekara huɗu ke nan ban taɓa cewa a'a ba.

Akwai wata dattijuwa, Hajiya Fassouma, 'yar Damagaram, ana yi mata wankin ƙoda sau uku a mako. Ɗanta Tassiou direban tirela ne, sai ya yi mako biyu bai kwana gida ba, matarsa kuma ba ta da lasisi. Ni ke kai Hajiya asibiti. 'Yata take ce mini, kullum sai ta sa mini albarka. Mahaifiyata kuwa, duk sanda muka yi waya, sai ta ce na je ina yi wa Musulmi hidima alhali ɗanta yana ƙasa. Na san Hajiya ba ruwanta, wallahi ina ƙaunarta. Amma in na gaji sai maganar Mama ta yi ta dawo mini.

Ranar Alhamis ta makon jiya na je ɗaukar ta. Na yi fakin, na kashe mota, na kasa fita. Na fi rabin awa a zaune, har na ga labulen tagarta ya motsa. Sai na buga waya na ce motata ta lalace, na koma gida na kwanta. Washegari ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya gagare ta, ta yi kwana uku a asibiti. Da na je dubiya, ta kama hannuna ta tambaye ni ko an gyara motar. Ban san ko ta gan ni ranar ba.

Tun daga nan ko addu'a na kasa. Ina so in bar ƙungiyar, amma wa zai kai ta? Kuma da wane ido zan dubi mutanen da suka tsaya mini?

Taki,
Wadda Ƙarfinta Ya Ƙare, Greensboro

*

'Yar'uwa, sannu. Allah ya ji ƙan Eli, ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Gajiya ba laifi ba ce, amma ƙaryar laifi ce. Da kin ce ba za ki iya ba, da wataƙila an nemi wani ya kai ta. Ki je ki same ta ke kaɗai, ki faɗa mata gaskiya, ki nemi gafara. Ko ta gan ki ko ba ta gan ki ba, za ki daina ɓoye fuska. Ki kuma furta wa Fada, limamin cocinku, yadda addininki ya tanada.

Ƙungiyarku ma tana da nata kason. Sun ga mai jin Hausa suka sakar mata komai. Sai dai ke ma ba ki taɓa nuna musu kayan ya yi miki nauyi ba. Laraba mai zuwa ki faɗa musu. Tuƙa mota ba ya buƙatar Hausa: mutum goma sha uku za su iya raba kwana uku. Ki roƙi asibitin su riƙa neman tafinta. Ki zauna da Tassiou, uwarsa ce, ya yi magana da limaminsu da dattawan mutanen Nijar su sa hannu. Faɗan ma'aurata ma ki mayar wa manyansu.

Mama kuwa, kada ki yi musu da ita, baƙin ciki ne ke magana. Ki saurare ta, ki bar ta ta yi ta ba ki labarin ɗanta. Ina ganin ke ma ba ki zauna kin yi kukansa ba, kin faɗa hidima ne don kada ki zauna. Ki roƙi 'yan ƙungiyar su yi addu'a da sunansa, kina wurin.

Ban ce ki bar su ba. In an tsara masu kai Hajiya, ki ɗauki hutun wata guda, ki ga likita kan wannan gajiya. In kin dawo, ki zaɓi rana ɗaya a mako, ki tsaya a kanta. Idan addu'a ta ƙi fitowa, ki je ki zauna shiru, wasu su yi a madadinki.

Allah ya ba ki hutu, ya sanyaya zuciyar Mama.

Anti Kubura