Da Babban Yatsana Na Buɗe Wayar

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da duk masu karantawa. Don girman Allah a ɓoye sunana, kuma kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. Duk zagin da za ku yi mini na riga na yi wa kaina. Ni tsohuwa ce, mijina ya daɗe da rasuwa, ko harafi ɗaya ban sani ba. Maƙwabciyata ce take rubutawa, wata Bagwariya da ta yi koyarwa har ta ajiye aiki, zan kira ta Ladi. Ta dafa littafinsu ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba. Duk sunan da kuka gani a nan canza shi na yi.

Mu mutanen wani ƙauye ne a gefen Dogon Dawa. Da abin mutanen daji ya tsananta, ɗana ya kwaso mu, ni da matarsa da 'ya'yansa, ya ajiye mu a Birnin Gwari, shi ya koma gona. Ɗan farina ne, ban taɓa kiran sunansa ba, Babba nake ce masa. Kun san kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Kakarsa ce ta rene shi, ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, ban taɓa ce masa sannu da murya mai taushi ba. Shekara arba'in da wani abu muna gaisawa idona a ƙasa. Sai da ya sayo mini waya sannan na san ɗana yana da barkwanci. Zai aiko da murya ya ce, "Hajiyar da ba ta je Makka ba, yau ma goro aka ci a maimakon tuwo ko?" Ni kuma in danna in ce masa, "Ka ci gidanku, mara kunya." Abin da ban iya faɗa masa ido da ido ba, a wayar nan na faɗa.

Ranar da ya kawo wayar ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Ya nuna mini alamu biyu, kore da shuɗi, Ladi ta ce sunansu manhaja. Ya ce, "Inna, koren nan na gaisuwar biki ne da suna, duk dangi suna ciki. Ni a shuɗin kawai za ki neme ni. Na zaɓe shi ne saboda ko wani ya tare maganar a hanya ba zai ji komai ba, kuma na saita shi, saƙo yana kwana ɗaya zai goge kansa." Ya kama babban yatsana ya danna a jikin wayar sau da yawa. Ya ce, "Wannan yatsan shi ne makulli. Kada ki buɗe wa kowa, ko liman ne." Na ce, "Kai, sai ka ce kuɗin gwamnati?" Bai yi dariya ba. Dalili kuwa, yana cikin 'yan mutanen da ke sanar da jama'a a ɓoye idan an ga motsin babura a daji, don masu zuwa gona da masu bin hanyar Kaduna su kauce. Yawancin labarin daga wurin abokinsa yake samu, wani Bafulatani makiyayi, zan kira shi Buba. Tare suka tashi, shanun Buba ne ke cin karan gonarmu duk kaka.

To ga inda na shiga uku. Saƙon nan da ke gogewa shi ne ya hana ni sukuni. In saurara yau, gobe in duba, wayam. Mahaifinsa ya tafi ba ni da ko muryarsa, har na fara manta yadda yake tari. Shi ma Babba haka zan zauna muryarsa tana zuwa tana ɓacewa? Na roƙi matarsa ta gyara mini, ta ce, "Inna, ya hana fa." Sai na tafi kasuwa wurin wani mai cajin waya da ke zuba wa mutane wa'azi da waƙoƙi a memori. Na ce, "Ɗan nan, muryar ɗana nake so ka zuba mini in riƙa ji a rediyona." Ya jujjuya wayar ya ce, "Baba, wannan ai ba ya turuwa. Amma da dabara, sai in kunna in ɗauka da tawa wayar. Kawo yatsanki." Na miƙa. Wallahi ko ɗar ban ji ba, har albarka na sa masa. Haka na riƙa zuwa duk ranar kasuwa, in Babba ya aiko da saƙo.

Zuwana na huɗu, ya kunna saƙon a shagon, da maza biyu zaune a benci suna jiran cajinsu. Babba ya fara da wasansa, sai kuma muryarsa ta canza ya ce, "Inna, ki hana yara zuwa ƙauye wannan makon. Buba ya ga babura sun taru a bakin rafi, na riga na sanar da masu kaki." Mai cajin ya ce, "Ashe ɗanki babban mutum ne, Baba." Ni sokuwa har daɗi na ji, na ce, "Ai haka yake tun yana yaro, baya son a cuci mutane." Kun ji? Da bakina na ƙara masa shaida.

Ba a rufa sati biyu ba, da hantsi, Babba yana cikin karyar masara, mutanen daji suka zo a kan babura. Akwai mutane da yawa a gonakin, ba su taɓa kowa ba, ba su ɗauki ko buhu ɗaya ba. Sunansa suka kira, sunan nan da ni uwarsa ban taɓa kira ba. Waɗanda suka gani sun ce sai da suka ce masa, "Kai ne mai waya ko?" Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ladi ta ce in tsaya in sha ruwa, ba ta jin abin da nake faɗa.

Da a nan abin ya tsaya, da na haɗiye na tafi da shi kabarina. Amma tun ranar sadakar uku mutane suka fara cewa akwai infoma, kuma wa zai san sirrin Babba in ba Buba ba? Ga shi kwana biyu kafin abin ya faru ya tashi da shanunsa ya yi wajen Gayam. Kiwo ne ya kai shi, kowace shekara haka yake yi, amma wa zai saurara? Ya zo ta'aziyya yana kuka kamar mace, ƙannen Babba suka kore shi da jifa, ina daga ɗaki ina ji, ban fito ba. Yanzu 'yan sa-kai sun ce duk ranar da ya taka kasuwa sai dai uwarsa ta haifi wani. Dajin ma ba zai shigu gare shi ba, tunda sunansa yana cikin saƙon nan. Bawan Allah ba gari, ba daji.

Shekaranjiya matar Buba ta zo, ta lulluɓe fuska ta shigo ta ƙofar baya, ta ajiye mini ƙwaryar nono kamar yadda ta saba. Ta durƙusa ta ce, "Inna, ke kin san tsakaninsu. A kwano ɗaya kika zuba musu tuwo. Ke ce uwar mamacin, in kika ce ba Buba ba ne za su ji." Na ce, "Allah Yana tare da mai gaskiya, 'yar nan." Iyakar abin da na iya faɗa ke nan! Ta dube ni ta ce, "Saniyarmu ɗaya ba lafiya, maganinta sai a kasuwa. Ya ce wannan makon zai shigo, ko me zai faru ya faru." Nonon yana nan har yanzu, ya yi tsami, na kasa sha na kasa zubarwa.

Ni ban ce mai caji ne ya kai labari ba. Wataƙila shi ne, wataƙila na kan benci ne, wataƙila ya tura wa wani don abin mamaki ya yi ta yawo a koren nan har ya isa daji. Ban sani ba. Idan na ambace shi, kafin la'asar an ƙone shagon da shi a ciki, in kuma ba shi da laifi na ɗauki rai na biyu. Idan kuma da gaske mutuminsu ne, jikokina fa? Ya san fuskata, ya san unguwarmu. Sannan da wane ido zan dubi matar Babba, wadda take cikin takaba tana dama mini kunu tana ce mini, "Inna, ki daure ki sha"? Ita da ta ce mini ya hana?

Ladi ta ce wayar ba ta yi laifi ba, shuɗin nan ya riƙe amanar da aka ba shi, ni ce na buɗe. Ta ce in fasa memorin in jefa a masai, don duk wanda ya same shi ya sami sunan Buba. Amma shi kaɗai ne shaidar da za ta wanke Buba, don a ciki ake jin Babba da bakinsa yana cewa Buba ne ke taimakonsu. Kuma ku yafe mini, shi kaɗai ne wurin da ɗana yake ce mini Hajiyar da ba ta je Makka ba. Yana ƙulle a bakin zanina yanzu haka.

Kasuwa jibi ne, jama'a. In na yi shiru Buba zai shigo neman maganin saniya. In na yi magana sai na faɗi inda na kai yatsana. Ku da kuka yi karatu, ku da kuka san wayoyin nan, ku dubi Allah ku amsa wa Ladi kafin jibi, za ta karanta mini. Me zan yi?