Gorubar Inna

Talata, bayan isha'i

Alhamdu lillahi, yau Inna ta sa wani abu a cikinta.

Tun da aka sallamo ta take kawar da kai daga kwano, har likita ya ce in ta ci gaba haka, sai an mayar da ita asibiti an zura mata roba ta hanci. Da hantsi sai ta ce goruba take marmari. Goruba fa! Matar da haƙoranta suka yi ritaya tun kafin in fara furfura.

Ni da wayona, na je wani kanti a Tarauni na sayo garin goruba a leda mai ƙyalli. Ta shinshina, ta ture.

"Kai ɗan boko, goruba na ce, ba dusa ba."

Dole na bi masu tire a Gyadi-Gyadi har na samo tsurarta. Ta ce a dandaƙa da dutse ta yi laushi. Na tsuguna a tsakar gida da tabarau, bugun farko na sami babban yatsana. Inna ta yi dariya har da tari.

"Duk littattafan nan, ba wanda ya koya maka riƙe dutse?"

Ta yi ta tsotsa. Sauran kuwa, maiɗakina ta jiƙa, ta tace, ta dama kunun gero da ruwan. Inna ta shanye kofi, ta miƙo a ƙara.

Yatsan ya kumbura, da ƙyar nake dafe takarda da shi in yi rubutu. Ta ce gobe ma ni zan dandaƙa, wai kallon ya fi gorubar daɗi. Na yarda. Ai da sauran yatsu tara.