Kwana Tara Ban Taɓa Ba

Fatakwal, 12 ga Maris, 2001

Zuwa ga matata Rifkatu, Ƙauran Namoda.

Gaisuwa cikin sunan Yesu. Yaya yara, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nike. Aikin gadin dai sun sallame ni, amma kada ki damu, coci nike kwana.

Gara ki ji daga bakina: na koma shan giya. Da Shari'a ta hana saida ta a gida, cewa kika yi Allah ya yi mini gata, sai ga shi na biyo ta har nan. Sau uku ina durƙusawa gaban ikilisiya ina tuba, wannan na huɗu.

Na tambayi faston nan ko Ubangiji bai gaji da ni ba. Ya ce, "Barnaba, shi ba ya gajiya. Matarka ce ban sani ba."

Na ji Babanki zai zo daga Shinkafi ya tafi da ke. Ba ni da bakin hana shi, kuma ba zan sake yi miki rantsuwa ba. Yau kwana tara ban taɓa ba. Ki yafe mini. In kina iyawa, ki jira ni zuwa bikin Ista.

Mijinki,
Barnaba