Rasuwar Mastro Egidio Calciano da Kujerar Hagu da Ya Bari

Cikin alhini da karayar zuciya, Ƙungiyar Mawaƙan Addu'ar Yamma ta Cocin San Laviero da ke garin Pietrafonda ta samu labarin rasuwar babanmu kuma malaminmu, Mastro Egidio Calciano, badukun garin nan kuma jagoran Zabura, wanda Ubangiji ya kira ranar Litinin da hantsi yana da shekara tamanin da ɗaya.

Shekara sittin da uku bai fasa zama a kujerar hagu ba kowace Lahadi da yamma, maza su rera aya ɗaya da Latin, mata su amsa daga dama. Bai karanta Latin a aji ba, da kunne ya ɗauka daga bakin kawunsa, amma limamai biyar sun zo sun tafi babu wanda ya kama shi da kuskure. Mu masu takardu ma mun sha gyara. Ni kaina ya sha ce mini, "Dottoressa, rage gudu mana, Allah ba motar zuwa birnin Potenza zai shiga ba."

A da mazan hagu su goma sha huɗu ne. Ci-rani a birnin Torino ya kwashe wasu, maƙabarta ta kwashe saura. Shekara huɗu cur shi kaɗai yake fuskantar mata tara, da huhun da ƙurar fata ta cinye, yana dafa kujera tsakanin aya da aya.

Ba za mu yi wa mamaci ƙarya ba tun ba a rufe shi ba. Sau uku 'yarsa, Signora Nunziata, wadda ta haddace duk abin da ya sani, ta roƙi izinin zama kusa da shi ta taya shi, kuma sau uku majalisar dattawan ƙungiyar nan, ƙarƙashin Mai Girma Cavaliere Prospero Zaccara, ta ce kakanni ba su yi haka ba, alhali su dattawan ba a ganinsu a coci sai ranar bikin waliyyi in za a ɗauki hoto. Mu mata kuwa muna jin numfashinsa yana yankewa muka yi shiru, muka sa wa shirun suna ladabi. Har da ni.

Mun ga furannin da majalisa ta aiko, sun kai ƙyaure girma. Mun kuma ji shawararta cewa a ajiye waya a kujerarsa ta riƙa kunna muryarsa. Ba mu karɓa ba.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga mai ɗakinsa ta shekara hamsin da huɗu, Donna Serafina, da Signora Nunziata, da ɗansa Gerardo, da jikoki shida. Ubangiji ya ba shi hutu na har abada, ya haskaka masa, ku kuma ya ba ku ƙarfin ɗaukar wannan rashi.

Za a rera addu'ar yamma ta mamata a kan gawarsa ranar Laraba da ƙarfe shida. Signora Nunziata za ta zauna a hagu. Duk dattijon da bai yarda ba, ya zo da wuri ya ɗauki aya ta farko da bakinsa. Za mu saurara.

Dottoressa Immacolata Sarubbi
Sakatariya kuma Kakakin Ƙungiya