Ruwan da Na Mayar wa Gumsu

Zangon Allurar Shanu,
Kusa da Nangere,
3 ga Disamba, 1991.

Zuwa ga Malama Ramlat,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Amir da Bintu, kamar yadda nake a nan lafiya lau. Yaya tarin Bintu? Yaya fama da jarrabawar ɗalibai? Allah Ya sa a gama lafiya, amin.

Bayan haka, ina sanar da ke, ke kuma ki sanar da yara da maƙwabta da duk wanda abin ya shafa, cewa da safiyar yau Talata mijinki Idrisu, malamin dabbobi, ya yi wanka da ruwan zafi mai zubowa daga sama, a tsakiyar daji, shanu suna kallo. Na karanta cewa mutanen Rum sai da suka ci rabin duniya da yaƙi kafin su kai ga irin wannan jin daɗi. Ni Potiskum kawai na je.

Abin hita ce mai aiki da gas, wadda ake yawo da ita. Girmanta bai wuce akwatin littattafan Amir ba. A shagon Cosmas na same ta, wani mai sayar da kayan gwanjo a bayan tasha. Ya rantse mini cewa ta wani Bature ce mai aikin hanya, da ita yake wanka a daji har ya koma ƙasarsu. Takardar bayaninta da Jamusanci aka rubuta, saboda haka ni da Cosmas hotunan muka karanta. Tiyo ɗaya yana shiga duron ruwa, ɗaya yana zuwa tukunyar gas, ɗan famfonta kuma yana shan wuta daga batirin motar aiki. Da an murɗa sai ta yi ɗan tari, wuta shuɗiya ta kama a cikinta, ruwa ya fito ta kan shawa da na rataya a reshen aduwa. Na kewaye wurin da zana. Kada ki tambaye ni kuɗinta, ko a gaban alƙali ba zan faɗa ba.

Wanda ya fara cin moriyarta ma ba ni ba ne. Kin tuna na ce miki a gefen gonar wani tsohon dillalin shanu muka kafa tanti, Saleh. Tun da muka sauka, kullum da sassafe matarsa Gumsu take dafa mini ruwa, shi kuma ya ɗauko bokitin da kansa, yana ɗingishi, ya ratso gari da shi har nan. Yau da ya iso na nuna masa ikon Allah, na ce ya koma da ruwansa, ya gaya wa tsohuwa ta huta daga yau. Ya daɗe yana kallon shawar. Ya yi godiya, ya ɗauki bokitinsa ya juya. Na ji daɗi da na sauke musu wannan nauyin.

Yanzu ga maganar da kika rubuto. Kin ce an ba ku zaɓi, ku da aka raba jiha aka jefo mazajenku Yobe: ko ki nemi a dawo da aikinki nan, ko ki zauna a Borno, inda za a ba ki shugabancin makarantar 'yan mata idan an dawo daga hutu. Kin ce in faɗa miki abin da nake so. Malama, tun Amir yana rarrafe kike jiran wannan kujerar. Me za ki zo yi a nan? Potiskum, garin da aka ce nawa ne don a cikinsa aka haife ni, ba ni da kowa a ciki sai kabarin Baba, shi ma sai da na yi tambaya kafin na gane shi. Rabin shekara kuma ina daji ina bin wutsiyar shanu. Ki yi zamanki, kada ki wahalar da kanki. Abu ɗaya da na yi kewa shi ne bokitin da kike aje mini a bayi da asuba, to ga shi Jamusawa sun ɗauke miki wannan.

Ki gaishe da yara da duk mutanen gida.

Naki,
Idrisu.


Zangon Allurar Shanu,
17 ga Disamba, 1991.

Zuwa ga Malama,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata kuna lafiya gaba ɗaya. Na ji daɗi da Bintu ta warke, Allah Ya ƙara sauƙi. Ki ce wa Amir na ga makinsa na lissafi, kuma na yanke shawarar ban gani ba.

Wasiƙarki ta same ni a ofis ranar kasuwa. Na juya bayan takardar, na leƙa cikin ambulan, na ɗaga ta wajen rana, layi huɗu ne dai ba ƙari. Ke da kike cika shafi guda a kan tsadar tumatir. Kin ce kin gode da shawara, Allah Ya sanya wa hita albarka. Amin. Na lura ba ki tambaye ni ko ina cin abinci ba, sai na ce aikin jarrabawa ne ya yi miki yawa.

Hita tana nan lafiya, ta fi kowa ƙwazo a wannan ma'aikatar. Ba ta makara, ba ta neman izinin zuwa suna, ba ta da ra'ayi a kan gwamnati. A nan ne ma na fara ganin aibunta. Da can kafin in gama wanka Saleh ya riga ya kunna rediyona, ya rushe Tarayyar Sobiyet, ya gyara ƙasar nan, ya kuma bayyana mini dalilin da ya sa mu jikokin Kanawa ba mu iya sayen shanu ba, sai dai atamfa. Yanzu ina fitowa daga zana in tarar da tabarma yadda na bar ta. Tun ranar da na mayar da shi da bokitinsa bai sake zuwa ba. A masallaci muna gaisawa: ya tambaye ni gajiya, ya tambaye ni sanyi, ya tambaye ni shanu, ya sa takalminsa. Furar da ake aiko mini da azahar ita ma ta tsaya. Ina jin ƙafar ce ta motsa masa, sanyi ba ya yi wa tsofaffi daɗi.

Abokan aikina biyu iyalinsu na cikin Potiskum, da mun sallami garken ƙarshe suke hawa babur. Daga la'asar sai ni da tanti da littattafan da na riga na haddace. Jiya na kama kaina ina yi wa wani bijimi bayanin yadda ake raba ma'aikata idan an raba jiha. Ya saurara da natsuwa, bai katse ni ba ko kaɗan.

Wanka nake yi safe da yamma yanzu, wani lokacin har da rana, ba don datti ba. Shi kaɗai ne abin da ke faruwa a wunina wanda ba allura ba. Ina tsayawa a ƙarƙashin ruwan har duro ya yi ƙasa. Da na kai wa Cosmas tukunya ya samo mini gas, sai da ya jijjiga ta a kunnensa, ya tambaye ni, wai Oga Likita wanka nake yi da ita ko tuwon biki nake tuƙawa.

A hanyar dawowa na bi ta unguwar Dogo Tebo, don titin kasuwa ya cushe da tirelolin shanu. Akwai wani gida da ake neman mai haya, ɗaki uku, da rijiya, da darbejiya a tsakar gida. Na shiga ne kawai don mai gidan ya nace. Tagar ɗakin tsakiya tana kallon gabas, irin wadda kike so idan za ki duba littattafan ɗalibai da safe. Ban san me ya sa nake gaya miki wannan ba, tunda ba abin da zan yi da ɗaki uku.

A gaishe da kowa.

Naki,
Idrisu.


Tashar Potiskum,
29 ga Disamba, 1991.

Zuwa ga Malama,

Ina gaishe ki, ina gaishe da yara, da fatan kowa yana lafiya. Wannan ba ta gidan waya za ta bi ba. Direban motar Maiduguri zan danƙa wa da hannuna, a kan gwiwa nake rubuta ta, ki yi haƙuri da rubutun.

Taki ta same ni jiya. Kin ce tunda na samu abin da nake buƙata, ranar da aka koma makaranta za ki kai musu amsa cewa kin zauna a Borno. Kafin ki kai, ki ji labarin wata akuya.

Makon jiya Gumsu ta zo da akuya mai kumburin ciki. Shi ne ganina da ita na farko, 'yar guntuwar tsohuwa, idonta kamar na mai binciken makarantu. Ta tsaya nesa da tanti, ta ƙi tabarma, gaisuwata ma da ka ta amsa. Duk maganar da ta yi, da akuyar ta yi ta, da Hausarta mai gardin Barbarci. Ta ce wa akuya ta tsaya da kyau, yau an kawo ta wurin manya masu wanka da inji. Ta ja mata kunne kada ta kuskura ta ba Likita komai, ko da nono ne, don a nan mayarwa ake yi. Ina ɗura wa akuya magani, tsohuwa tana ci gaba. Ta ce duk baƙon da ya taɓa sauka a gonarsu, daga mai awon ƙasa har mai tallan turare, da ruwanta ya yi wanka, ba wanda ya yi ko ƙurji. Ta ce ranar da Saleh ya koma ta bakin rijiya da bokiti cike yana tururi, matan gari duk sun gani, kuma har yau ana tambaya: me Likita ya ji a kan gidan Saleh? Me ake zuba wa baƙi a ruwa?

Malama, na san ba a mayar wa mutum kwano yadda ya aiko shi, a gidanmu ma haka aka rene mu. Ban dai taɓa sa ruwan wanka a wannan lissafin ba. Na fara bayani, na ce tausayinta na ji, ga wahalar itace, ga tashin asuba, ga sanyi. Sai ta tambayi akuya ko ta taɓa jin ta kai wa wani ƙara cewa ta gaji. 'Ya'yanta duka suna Kudu suna bin tirela. In ba ta hura wutar baƙo ba, wutar wa za ta hura? Daga nan ta tambayi akuyar ko Likita yana da iyali. Wannan na amsa da kaina. Na ce kina Maiduguri, kin so ki zo, na ce ki yi zamanki kada ki wahala. Tsohuwar ta ɗago ta dube ni, ni ɗin kaina ba akuya ba, ta ce ashe hali ne. Ta ja igiyarta ta tafi.

Da yamma na rufe hita da buhu, na ɗauki bokitina na ratsa gari da shi a hannu, ta bakin rijiya don a gani, na yi sallama a ƙofar Saleh. Ya bar ni a tsaye har ya gama jan carbinsa. Washegari ya kawo ruwa. Na sanyi ne, daga randa aka ɗebo shi. Ya zauna a tabarma ya kunna rediyo, yana sauraron salatina daga bayan zana, a cikin wannan sanyin, ga hita a gefe lafiyarta ƙalau. Jiya ruwan ya zo da ɗan ɗumi. Saleh ya ce in na ci gaba da ladabi, wataƙila kafin azumi in kai ga mai zafi.

Ba zan ce ki bar kujerar ba. Taki ce, kin yi mata wahala, kuma in ita kika zaɓa zan riƙa hawa wannan motar duk ƙarshen wata, ƙorafin da zan yi ba zai yi yawa ba. Amma ba shawara kika nema a wurina ba. Abin da nake so kika tambaye ni, ni kuma na ji kunyar faɗa, na ɓuya a bayan zolaya. Ina so ki zo. Tun ranar da na sauka a garin nan na rasa wanda zan ce wa na iso lafiya nake son zuwanki. In amsarki ta zo da sanyi zan karɓa, na fara sabawa.

Direba yana ta danna hon. Ya ce ko in ba shi takardar, ko in shiga motar in je in faɗa da bakina, don shi dai fasinjojinsa sun fara zaginsa. Ki gaishe mini da Amir da Bintu.

Amsar da na ba ki ba ita ce gaskiya ba. Na yi kuskure, Ramlat.

Mijinki,
Idrisu.